Sawu a Kan Yumɓu: Kundin Aikin Mink a Wani Rafi na Sikotilan

19 Agusta, 2023

Yau da hantsi muka saka allon gano sawun mink a ruwa. Ni da matar da ke kula da 'yan sa kai na yankinmu muka sauke shi daga bayan mota, muka bi gefen wata gonar sha'ir da ake shirin girbewa, muka gangara wani rafi da ke zuba a Kogin Don, tafiyar minti arba'in a mota daga Abadin. Na ɗauki alkawarin duba shi duk mako biyu. Abin da na tarar kuma zan riƙa rubuta shi a nan, don 'yan uwa da abokai sun yawaita tambayata me ke kai ni bakin ruwa ranar Asabar.

Abin da muke nema sunansa mink. Babu shi a ƙasar Hausa, amma danginsa na nan: bodari da dage da karen ruwa duk zuriyarsu ɗaya da shi. Wanda ya san tunku zai iya hasko surarsa, ko da yake su ba dangi ba ne. Jiki dogo siriri, ƙafafu gajeru, wutsiya mai gashi. Launinsa ruwan ƙasa mai duhu, in ya jiƙe sai ka rantse baƙi ne wuluk, yawancinsu kuma suna da ɗan farin tabo a haɓa. Namiji kan haura kilo ɗaya, mace ba ta cika kaiwa kilo ba, wata ma rabin namijin ce. Asalinsa Amurka ta Arewa. A can ɗan gida ne, dabbobin da yake farauta sun san shi, sun san makarinsa. A nan baƙo ne da aka kawo a keji saboda fatarsa.

Allon kuwa falanki ne mai yawo a kan ruwa, tsawonsa ya ɗan wuce mita ɗaya, an cusa masa farin soson roba don kada ya nutse. A samansa an kafa ɗan soro na katako mai ƙofa gaba da baya. A tsakiyar soron akwai kwando, a cikin kwandon akwai soso irin wanda masu sayar da furanni ke soka fure a kai, shi ke tsotso ruwa daga ƙasa. A kan soson ake shafa yumɓu da aka kwaɓa da yashi, a lailaye shi sumul. Shi ke nan. Ba nama, ba kifi, ba komai. Mink ba ya ganin rami ya wuce bai leƙa ba, da wannan halin nasa kaɗai aka dogara. Ya hau, ya ratsa soron, ya bar sawu, yumɓun kuma ba ya bushewa balle sawun ya lalace. Masu bincike na ƙungiyar Game Conservancy Trust a Ingila ne suka ƙirƙiro dabarar a farkon shekarun 2000. Yau da ita ake aiki a kogunan arewacin Sikotilan ƙarƙashin shirin Scottish Invasive Species Initiative, wanda na shiga.

Sunan allo ba ni na raɗa ba. Ina durƙushe ina lailaye yumɓun da bayan cokali, 'yata mai shekara tara ta leƙo ta ce, "Abba, wanke allo kake yi?" Da gaskiyarta. Duk zuwa sai in karanta abin da aka rubuta, in shafe, in bar shi fes.

2 Satumba

Sawun ɓera, da na kazar ruwa mai dogayen yatsu da ya cinye rabin yumɓun. Babu mink. Na ɗauki hoto na tura wa mai kula da mu, na shafe.

Darasin yau a hanci na ɗauke shi. A kan wani dutse ƙarƙashin gada na ga baƙin kashi da ƙayoyin kifi a ciki, gabana ya faɗi. Dattijon da ke da gonar ya zo wucewa da karensa, ya tsuguna, ya lakato da tsinke ya miƙo min ya ce in sansana. Babu ɗoyi, sai ɗan ƙarnin kifi da wani ƙamshi-ƙamshi kamar na busasshiyar ciyawa. Ya ce na karen ruwa ne. Na mink, in ji shi, a murɗe yake kamar igiya, da tsini a ƙarshe, da gashi da gutsattsarin ƙashi a ciki, kuma ba sai ka kai shi hanci ba. Karen ruwa ɗan ƙasa ne a nan, doka ta hana taɓa shi, shi ya sa ake ƙuntata bakin tarkon mink yadda babba ba zai iya shiga ba.

16 Satumba

Ga shi nan. Sawu shida ko bakwai sun ratsa yumɓun daga ƙofa zuwa ƙofa, kowanne da yatsu biyar a baje kamar tauraro, da ɗigon farce a gaban kowane yatsa. Na aza kwabon fam biyu a gefe don awo, sawun ya ɗan fi shi faɗi. Na karen ruwa ya kusa ninka haka. Ban shafe ba sai da amsa ta zo: mink ne, gobe za a kawo tarko.

Lokacinsa ne ma. 'Ya'yan da aka haifa a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu yanzu sun girma, sun rabu da uwa, kowa ya kama gabansa yana neman gaɓar da babu mai ita. Mink ba ya zaman garke. Kowanne na riƙe da tsawon rafi na kilomita ɗaya zuwa 'yan kilomitoci, na namiji ya fi tsawo, da ramuka biyu ko uku ko fiye da yake sauya kwana a cikinsu. Bai cika haƙa nasa ba. Ramin zomo, saiwar bishiya da ruwa ya zaizaye, tulin duwatsu, duk gida ne. 'Yan banan nan kuwa suna iya yin tafiyar gomman kilomitoci kafin su zauna, har su bar ruwa su tsallake tudu su faɗa wani kogin. Wanda ya taka min allo yana iya zama an haife shi a wani kwari da ban taɓa zuwa ba.

Yadda aka yi ya zo Birtaniya ba wani abin ɓoye ba ne. A 1929 aka fara kawo shi gidajen kiwo don a riƙa ɗinka rigunan sanyi masu tsada da fatarsa. Dabba ce mai cizon waya da hawa da kutsawa, keji bai riƙe ta duka ba. A 1956 aka tabbatar suna haihuwa a daji a Kogin Teign na yankin Debon a Ingila. Mutane da yawa a nan suna ɗora laifin a kan masu fafutukar haƙƙin dabbobi da suka buɗe keji suka saki kimanin 6,000 a yankin Hamsha na Ingila a 1998. Abin da suka yi ɓarna ce babu ko tantama, amma lokacin mink ya shekara arba'in yana haihuwa a kogunan ƙasar. Dokar hana kiwon dabbobi don fata ta zo a 2000 a Ingila da Wales, a 2002 a Sikotilan. Ihu bayan hari.

20 Satumba

An kafa tarkon ranar Lahadi. Kejin waya ne dogo da aka zura cikin soron a kan kwandon, yana kama dabba da ranta. A jikinsa akwai 'yar na'ura da ke aiko saƙo a waya da zarar ƙofar ta rufe. Yau ina idar da sallar asuba saƙon ya shigo. Na sanar da wurin aiki zan makara, na kama hanya.

Tun kafin in ƙarasa na ji warin. Wanda ya taɓa wucewa inda bodari ya saki nasa zai gane irinsa, sai dai na mink bai kai can ba. Jakunkuna biyu ne a gindin wutsiya, da su yake shata iyakarsa, da su kuma yake kare kai in ya tsorata. Da na ɗaga murfin soron sai ya yi wata siririyar ƙara mai huda kunne, ya ja baya ya dunƙule, ya zuba min ido. Idanun ƙanana ne, baƙaƙe, suna ƙyalli. Hancinsa na rawa, da ɗigon ruwa a gashin bakinsa. Bai daina neman mafita ba ko na daƙiƙa ɗaya: ya ciji waya, ya tunkuɗi ƙofa da ka, ya juyo ya sake kallona. Na mayar da murfin don ya sami duhu ya natsu, na koma gefe na jira.

Ni ba ni da izinin kisa. Akwai wanda aka horar, ya iso cikin rabin awa da bindigar iska. Da wasu katakai masu haƙora kamar mataji ya matse shi a ƙarshen kejin yadda ba zai motsa ba, harbi ɗaya a ka, aka gama. Ba a yarda a nutsar da su a ruwa ba. Sakinsa kuma, ko da mutum ya so, laifi ne a dokar namun daji ta 1981.

Namiji ne, ɗan bana. Na shafa bayansa. Dogayen gashin waje a jiƙe suke, amma da na buɗa da yatsa sai ga wani gashi a ƙasa, cunkus, mai laushi kamar auduga, a bushe ƙamas, ruwa bai kai fata ba. Na daɗe ina kallon wurin. Saboda wannan gashin aka ɗauko kakanninsa aka tsallako da su teku. Tsakanin yatsunsa akwai 'yar fata, ba ta cika kamar ta agwagwa ba. Aka sa shi a leda, aka rubuta rana da wuri. Masu bincike suna gane shekarun mink daga haƙorinsa, suna gane danginsa da inda ya fito daga ƙwayoyin halittarsa.

Da daddare na kira Baba a Haɗeja na ba shi labari. Ya ce, "Ana ci?" Na ce a'a, Baba. "Fatar fa, sayarwa ake?" Na ce ba a sayarwa. Ya yi shiru, can ya ce, "To kisan na mene ne?"

Na yi masa bayanin ɓeran ruwa. Sunan na iya ruɗar mutum, don ba ɓeran rumbu ba ne, ba ya shiga gidan kowa. Ɗan dunƙulalle ne mai gajeren hanci, kunnuwansa a ɓoye cikin gashi, ciyawar gaɓa yake ci, a gaɓar yake haƙa rami. Tun fil azal kowa na cin sa a nan, mujiya da zalɓe da yanyawa, amma yana da mafita biyu. In an biyo shi ta tudu ya faɗa ruwa, ya tayar da laka ya ɓace a cikinta. In an biyo shi ta ruwa ya shige raminsa, wanda ke da ƙofa har a ƙarƙashin ruwa. Karen ruwa gwanin ninƙaya ne, amma ramin ya yi masa kaɗan. Macen mink ta iya ninƙaya, ramin kuma daidai jikinta. Ba tudu, ba ruwa, ba rami. Mace ɗaya mai shayarwa na iya share ɓerayen wani yanki na rafi kakaf kafin 'ya'yanta su tashi. Ƙidayar da aka yi a faɗin Birtaniya ta nuna cewa tsakanin 1989 da 1998 kusan kashi 90 cikin 100 nasu sun ƙare.

Baba ya ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru bayan an gina madatsun Tiga da Challawa, don haka bai yi mamakin yadda aikin hannun mutum ke juya kogi ba. Abin da ya ce shi ne, "Dabbar ba ta da laifi, cikinta take nema. Laifin na wanda ya kawo ta ne. In dai ya zama dole, ku gaggauta, kada ku wahalar da ita. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a kyautata ko da wajen kisa ne." Na ce in sha Allahu, Baba. Har yanzu ƙarar nan tana kunnena, kuma ba na fatan ranar da zan saba da ita.

22 Oktoba

Guguwar Babet ta wuce. Garin Brechin da ke kudu da mu ya sha ruwa, Kogin South Esk ya tsallake katangar da aka yi masa ya shiga gidaje, an kwashe mutane. Rafinmu, wanda nake tsallakewa da takalmin roba, ya koma jan kogi mai ɗauke da rassa. Tarko dai mun cire tun da aka yi gargaɗi, don ba a barin tarko a buɗe in ana jiran ambaliya, kada dabba ta shiga ruwa ya cinye ta a ciki. Allon kuwa babu shi, sai guntun igiya a jikin turke.

11 Nuwamba

Mai gonar ya tsinci allon maƙale a shingen waya, kusan kilomita ɗaya a ƙasa. Soron ya karye, kwandon ya tafi. Kuskuren nawa ne: igiyar ta yi gajarta kuma na ɗaure ta ƙasa-ƙasa, da ruwa ya taso sai ta ja gaban allon ciki har ta tsinke. Yanzu na sa doguwa, na ɗaure a reshe sama da inda ambaliya ta bar shara.

Muna gyaran soron a rumfarsa ya ba ni labarin kajinsa. Shekarun baya ya wayi gari ya tarar da tara a kwance a akurki, kowacce da cizo a ƙeya, ɗaya kawai aka ci. Har yau in ya faɗa muryarsa na canzawa. Mutane kan ce mugunta ce, amma ba ita ba ce. A daji in mink ya kama ɗaya sauran sun watse, farauta ta ƙare. A akurki babu wurin gudu, fuka-fukai na ta bugawa, abin da ke tunzura shi bai tsaya ba, shi ma bai tsaya ba. Yana kuma da halin ɓoye abin da ya rage don gobe. Haka yake yi wa tsuntsayen teku masu zuba ƙwai a ƙasa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a halinsa shi ne rashin zaɓe. A ruwa bai kai karen ruwa ba, ganinsa a ƙarƙashin ruwa ba mai kyau ba ne, yawanci daga gaɓa yake hango kifi ya faɗa na 'yan daƙiƙu ya fito. A tudu ma akwai waɗanda suka fi shi. Amma yana iya duka biyun, har bishiya yana hawa. Kifi, kwaɗo, zomo, 'ya'yan agwagwa, ƙwai, duk abinci ne. Da ɓeran ruwa kaɗai yake ci, da ɓerayen sun ragu yunwa ta rage shi, su farfaɗo. To ba haka ba ne. Ya cinye na ƙarshe, ya koma kan zomo, ya ci gaba da zama a gaɓar yana jiran duk wanda zai dawo.

16 Disamba

Rana ba ta kai awa bakwai ba. Yumɓun ya daskare, na fasa ƙanƙarar da ke kewaye da allon da diddige. Babu sawu. Mink ba ya barcin hunturu, yana nan yana yawo, sai dai yau ba ta nan ya bi ba.

20 Janairu, 2024

Labari ya zo daga gabashin Ingila a wannan watan, tun ranar nake ta maimaita karanta shi. Ƙungiyar Waterlife Recovery Trust, wadda Farfesa Tony Martin ke shugabanta, ta sanar cewa a wani yanki na Norfolk da Suffolk mai faɗin kusan murabba'in kilomita 6,000 ba a sami alamar mink ya haihu ba a duk shekarar 2023. Martin ne mutumin da ya jagoranci kawar da ɓeraye daga tsibirin South Georgia da ke kudancin tekun Atlantika, ya san bambancin rage abu da gamawa da shi. Kayan aikinsu irin namu ne, allo da keji da na'urar saƙo, sai ƙari ɗaya: suna tatsar ruwan jakar warin nan daga mink ɗin da aka kama, su ɗiga kaɗan a cikin tarko. Wanda ya ji warin ɗan uwansa a gaɓarsa ba ya iya wucewa bai bincika ba.

Gabashin Ingilan ya taɓa yin irin wannan. Akwai wata ƙatuwar dabbar ruwa mai kama da gafiya daga Kudancin Amurka, koifu, ita ma don fata aka kawo ta, ta tsere ta cika fadamu tana rusa gaɓa. An fara yaƙin ƙarshe da ita a 1981, zuwa 1989 babu ita. Dabarar da ta burge ni a wannan aikin ita ce an yi wa masu tarkon alkawarin tukuici mai tsoka in sun gama da wuri, don kada mutum ya ga ƙarewar dabbar ƙarewar abincinsa ce.

A tsibiran Hebrides na yammacin Sikotilan kuwa, inda mink ya fito daga gidajen kiwo na tsibirin Lewis da aka buɗe a shekarun 1950, an fara aiki tun 2001. An kama sama da 2,000, tsuntsayen teku sun dawo suna ƙyanƙyasa a wuraren da suka ƙaurace wa, amma har yanzu ana kama ɗai-ɗai. Shekara ashirin da ɗoriya, a tsibiri. Mu da muke kan babbar ƙasa, kogi na haɗe da kogi, dole mu san abin da muka ɗauko. Ni dai ra'ayina, rage su kawai a bar saura yana nufin a yi ta kisa kowace shekara ba ranar dainawa. In za a yi, a yi shi da niyyar gamawa, don ta nan ne kaɗai adadin da za a kashe zai zama mai iyaka.

16 Maris

Azumi ya kama, lokacin barbarar mink ma ya kama. An ce kowa ya buɗe tarko, don wannan da kaka su ne lokuta biyu da aka fi kama su. Bayan sahur da asuba ba na komawa barci sai na tabbatar na'urar ta aiko saƙon cewa tana aiki.

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu mazan kan bar gaɓarsu su bazama neman mata, suna ratsa iyakokin juna suna faɗa. Barbarar ba ta da taushi, namiji kan cafki mace a ƙeya da haƙori, har wurin ya warke ya fitar da farin gashi. Mace na iya karɓar maza fiye da ɗaya, ciki ɗaya ya zo da 'ya'ya masu uba daban-daban. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne cikin yana iya jira. Ƙwan da ya haɗu ba ya manne wa mahaifa nan take, yana nan a tsaye har sai rana ta ƙara tsawo, sannan ya kama girma. Shi ya sa goyon cikin kan kama daga kwana 40 har zuwa 75, amma wadda aka yi wa barbara da wuri da wadda aka yi wa a makare kusan tare suke haihuwa, daidai lokacin da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa, ɓerayen ruwa ke fitowa da nasu 'ya'yan. Takan haifi huɗu zuwa shida, makafi, kusan tsirara, idonsu ba ya buɗewa sai sun yi kimanin mako biyar. Uban ba ya waiwayarsu. Ita kaɗai ke farautar bakuna bakwai. Duk wanda ya san wannan ba zai iya raina dabbar nan ba, ni dai ban iya ba.

Ranar Laraba tarkona ya kama namiji babba, wuyansa duk tabon faɗa. Nauyinsa a hannu ya kusa ninka na Satumba.

6 Afrilu

Mace ta shiga tarkon wata 'yar sa kai da ke sama da ni da kilomita uku. Na je na taya ta jiran mai harbi. Ƙarama ce ƙwarai, da farin gashin nan a ƙeya, cikinta ya ɗan fito. A ƙarƙashin saiwar wata bishiya kusa da wurin muka ga raminta: gashin tsuntsu, ɓawon kifi, ƙafar kwaɗo, da tulin kashin nan murɗaɗɗe a bakin ƙofa.

Ba mu yi magana sosai ba. Mu duka mun san wannan kamun ya fi na maza biyar amfani, mun kuma san abin da ke cikinta. Da ta ƙara wata ɗaya, da ta haihu, kamunta a lokacin yana nufin 'ya'yan su mutu da yunwa a rami ba wanda ya sani. In dai za a yi, gara yanzu. Na faɗa wa kaina haka a hanyar dawowa har na iso gida, na sha ruwa ban iya cin abin kirki ba.

25 Mayu

Yau na ga abin da ake yi dominsa. An kai mu koyon neman ɓeran ruwa a ƙoramun kan tudu, gefen duwatsun Cairngorms, inda Farfesa Xavier Lambin na Jami'ar Abadin ya fara haɗa 'yan sa kai tun 2006 suka share mink daga yanki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 10,000. A can sama sauran ɓerayen suka tsira, a ƙananan ƙoramu masu ratsa baƙar ƙasa. Na tafi da 'yata.

Ba dabbar ake nema ba, alamarta ake nema. Ka durƙusa ka buɗa ciyawar gaɓa da hannu. Ga ɗan tulin guntayen ciyawa, kowanne kamar tsawon yatsa, an yanke bakinsa a karkace kamar an fiƙe alƙalami. Ga makewayinsa a kan laka, kashi ƙanana kamar ƙwayar wake siririya, kai biyun a dakushe, ba wari, an tattake na ƙasa an ɗora sabo a kai. Ga bakin rami, faɗinsa bai kai tafin hannu ba, an kiwace ciyawar da ke kewaye da shi ƙasa-ƙasa, aikin uwa mai shayarwa da ba ta son yin nisa da 'ya'yanta.

Muna zaune shiru a kan wani dutse sai 'yata ta matse min hannu. A ɗaya gaɓar, ga shi a tsugune, baƙi ƙirin, don na arewacin Sikotilan da yawa baƙaƙe ne, ba kamar na Ingila masu ruwan ƙasa ba. Ya riƙe karan ciyawa da hannu biyu yana tura shi baki, karan na gajarcewa muna kallo. Minti ɗaya ko biyu. Wani ya motsa ƙafa, sai tsulum, da'ira a kan ruwa. Ta raɗa min, "Abba, a rafinmu ma akwai?" Na ce babu tukuna.

22 Yuni

Zuwa na shida ke nan a jere yumɓun ba sawun mink. Kazar ruwa ta fito da 'ya'ya biyar a ƙasan gada, makonni uku ina ƙirga su, har yau biyar ne.

Na ba mai gonar labarin abin da muka gani a kan tudu. Ya ce yana yaro in ya bi rafin nan zuwa makaranta tsulum ɗin nan yake ji duk 'yan taku, bai lura da ranar da ya daina ji ba. Na faɗa masa gaskiya cewa ko mink ya ƙare ɓeran ba zai zauna a gaɓarsa yadda take ba, don shanunsa sun tattake ta, sun kiwace ciyawar har bakin ruwa, babu abinci babu maɓoya. Na ɗauka zai ji haushi. Ya tsaya ya kalli gaɓar, ya ce zai ja waya ya bar taku huɗu daga ruwa a ɓangaren da ke tsakanin gada da bishiyoyi, in zan zo in taya shi kafa turaku bayan ya gama yankan ciyawa.

An ba ni allo na biyu, zan saka shi a mahaɗar da ƙaramar ƙorama ke shigowa daga arewa, don ta nan nake zaton 'yan bana za su gangaro in Agusta ta yi. Na kwaɓa sabon yumɓu na ajiye a bokiti da murfi, na sayo igiya mita goma. Dubawa ta gaba 6 Yuli.